Masu huda maƙogwaron marasa lafiya ma suna da iyali

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan wani aiki da muke yi a ɗakin tiyata wanda mutanen gari ba su cika sanin haɗarinsa ba.

Wani lokaci za a kawo mara lafiya numfashi ya toshe, sai an zura masa bututu ta baki, in abin ya ƙi sai likita ya huda maƙogwaro ta wuya a sa roba. To in mutumin nan yana ɗauke da tarin fuka ko korona ko mashaƙo, daidai lokacin da aka buɗe maƙogwaron in ya yi tari ɗaya kawai, kaki da jini da wani feshi wanda ido ba ya gani duk fuskar likita da nas suke nufa, kuma ka sani aikin ba a yin sa daga nesa, kanka a sunkuye yake kan wuyan mutum. Tun annobar SARS ta 2003, wata cutar numfashi mai kama da korona, aka gane haka, ma'aikatan lafiya da yawa a birnin Toronto na ƙasar Kanada wajen sa bututun suka kwashi cutar. Mu ma nan ba mu manta Janairun 2020 ba, da zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Kano bayan tiyatar wata mai juna biyu, ɗayansu likitan sa barci ne. Allah ya jiƙansu. Ga mashaƙo da ya addabi Kano tun ƙarshen 2022, cutar da ke shimfiɗa wani farin yauƙi mai kauri a maƙoshin yaro har ya kasa shaƙar iska.

Abin haushin, hanyoyin kariyar sanannu ne, wasu ma ko sisi ba sa ci. A rage mutane a ɗakin, ɗalibai masu kallo su fita. Wanda ya fi ƙwarewa shi zai riƙe wuƙa don aikin ya yi sauri, ba ranar koyo ba ce. Mai sa barci ya ba da allurar da ke saki jiki gaba ɗaya yadda mara lafiya ba zai yi tari ba, sannan kafin a yanka maƙogwaron a dakatar da injin numfashi na ɗan lokaci, ba za a kunna ba sai an sa roba an hura ƴar balan-balan ɗin da ke jikinta an haɗa matatar iska. Amma duk wannan sai an yi atisaye tare tun kafin ranar, in ba haka ba kowa ihu zai ta yi.

Sai maganar takunkumi. Wannan shuɗin na yau da kullum bai wadatar ba, N95 ake so, wato takunkumin da ke manne wa fuska yana tace iska sosai, da gilashin kare ido, da riga mai dogon hannu wadda ruwa ba ya ratsawa. Kuma akwai abin da ake jin nauyin faɗa: N95 ba ya kama fuskar mai gemu, iska ta gefe take shiga. Da yawa daga cikin likitocinmu suna da gemu, kuma ba wanda zai ce su aske sunna, ni dai ba zan faɗa ba. Akwai wata hula mai rufe kai duka da ɗan injin da ke tace iska, ita ce maganin wannan, tana da tsada gaskiya, amma ko uku-uku gwamnati ta saya wa manyan asibitoci ai ba za ta talauce ba.

Wajen cire kayan ma ana kamuwa, mutum ya gaji, zufa ta jiƙa shi, ga zafi ba wuta, sai ya kai hannu fuska. Shi ya sa ake so wani ya tsaya yana faɗa maka ciro wannan, wanke hannu, ciro wancan. Masu share ɗakin da masu wanke kayan aiki kuwa ba mai tuna su, alhali su ke ɗaukar robar tsotso cike da kaki.

Shekara da shekaru naira 5,000 a wata ne alawus ɗin haɗari kafin a ƙara shi a 2021. Ƙarin ya yi kyau, sai dai muna roƙon kwamishinonin lafiya da shugabannin asibitoci su ajiye kayan nan a cikin ɗakin tiyata, ba a sito ba inda da ƙarfe 2 na dare mai makulli ya tafi gida, sannan a yi wa duk ma'aikaci allurar riga-kafin mashaƙo kyauta har da masu shara.

Na gode.

Naka,
Wani ma'aikacin ɗakin tiyata, Kano