Ga Mai Shirin Zuwa Babban Birni Kallon Ƙwallo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin mu yi magana da masu karatu da ke tara kuɗi da niyyar wata rana su yi tattaki zuwa wani babban birni, su kalli ƙungiyarsu ido da ido. Niyya ce mai kyau. Gani ya kori ji, kuma duk wanda ya taɓa jin mutum 60,000 sun ɗauki ihu a lokaci guda ya san talabijin ba ta kawo rabin abin. Sai dai shafukan wasanni sun fi ba mu labarin wanda ya ci da wanda aka saya. Ba kasafai ake gaya wa mai tafiya abin da zai tarar tsakanin tashar jirgi da kujerarsa ba, alhali a wannan ɗan tsakanin ne tafiya take gyaruwa ko ta lalace, a nan ne kuma ake rasa rayuka.

Mu fara da ranar wasa. Ranar da aka buga a jadawalin farkon kaka ba alkawari ba ce. A gasar Firimiya ta Ingila ana fitar da jadawali a watan Yuni, amma gidajen talabijin suna zaɓar wasannin da za su nuna, sai a ɗauke wasa daga Asabar a kai shi daren Juma'a, ko Lahadi, ko daren Litinin, kuma makonni kaɗan kafin ranar ake sanarwa. A Sifaniya ma haka ne, sai wasa ya matso ake tsayar da sa'arsa. Idan ƙungiya ta yi nisa a gasar kofi, ana iya ɗage wasanta na lig gaba ɗaya zuwa wani wata. Hatta filin yakan canza: wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai na 2022 a Saint Petersburg aka shirya shi, aka mayar da shi Paris a watan Fabrairu, kuma Barcelona ta bar Camp Nou a 2023 saboda gyara ta koma filin Montjuïc. Don haka kada a sayi tikitin jirgin da ba a canza masa rana sai an tabbatar da sa'ar take wasa. Wanda ba zai iya jira ba ya kama masauki daga Juma'a zuwa Talata, irin wanda ake mayar da kuɗi idan an fasa. Idan tafiyar ta ƙetare iyaka ce, biza ce gaba da komai, domin tikitin wasa ba ya shigar da kowa ƙasa.

Sai tikiti, inda aka fi cutar baƙo. Manyan ƙungiyoyi ba sa sayar wa duk wanda ya zo. Galibi sai mutum ya yi rajistar zama mamba, sannan ya shiga layin intanet ko ƙuri'a. Akwai kuma kasuwar da ƙungiyar da kanta take buɗewa a shafinta, inda mai tikitin shekara da ba zai samu zuwa ba yake mayar da kujerarsa a sayar wa wani mamba. Hanya ta uku ita ce tikitin manyan baƙi, mai tsada amma mai tabbas. Duk abin da ba ya cikin waɗannan ukun, caca ne. A Ingila doka ta hana sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin ƙungiya ba tun 1994. A Italiya sunan mai shiga ake bugawa a jikin tikiti, a ƙofa a gwada shi da fasfo ko katin shaida. A Turkiyya an shigo da katin Passolig a 2014, wanda ke ɗauke da bayanan mai shi.

Yadda damfarar take tafiya mai sauƙin ganewa ce. Tikiti ɗaya na gaske ake sayar wa mutum biyar ko goma. Wanda ya riga isa ƙofa na'ura ta haska masa kore ya wuce, sauran kuwa ja za ta nuna musu, wai an riga an yi amfani da shi, kuma babu ma'aikacin da zai saurari bayani da dubban mutane a bayanka. Yanzu yawancin tikiti a waya yake. Wasu filayen waya ake karawa a jikin na'ura, wasu kuma lambar da ake haskawa tana sauyawa bayan 'yan daƙiƙoƙi, shi ya sa hoton fuskar waya da wani ya turo maka ba zai buɗe ƙofa ba. A sauke tikitin cikin waya tun daga masauki, domin idan mutum dubu hamsin suka taru a unguwa ɗaya, intanet ɗin waya tsayawa yake cak. A cika caji, a ƙara hasken fuskar waya kafin a isa gaban na'ura. Idan ku huɗu ne, kowa ya riƙe nasa tikitin a wayarsa, kada a tara wa mutum ɗaya, don cunkoso yana raba mutane cikin ƙiftawar ido.

A duba kuma ɓangaren da kujerar take. Ana raba magoya bayan gida da na baƙi, kowa da ƙofarsa. Wanda ya zauna cikin masu gida da rigar baƙi, ko ya yi tsalle lokacin da baƙi suka ci, ma'aikata za su fitar da shi ba tare da mayar masa da ko sisi ba, in ma bai sha duka kafin su iso ba. In babu tabbas, a sa tufafin da ba su da launin kowace ƙungiya.

Yanzu ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami, wato ƙofa. Mashigar filin wasa ƙarfe ne mai juyawa, mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Ƙa'idar da Birtaniya take lissafi da ita ta ce mashiga ɗaya ba ta wuce mutum 660 a awa, wato mutum 11 a minti, kuma wannan idan komai yana tafiya daidai ne, babu tikitin da ya ƙi karantuwa, babu jakar da aka tsaya bincike. Ƙarfen nan bai san an kusa take wasa ba. Idan rabin 'yan kallo suka iso a minti 20 na ƙarshe, na baya suna jin ihu daga ciki suna turawa, na gaba kuma ba su da inda za su.

Abin da ya faru ke nan a filin Hillsborough da ke Sheffield a Ingila ranar 15 ga Afrilu, 1989, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA tsakanin Liverpool da Nottingham Forest. Mutum 10,100 masu tikitin tsayuwa aka ware wa mashiga 7 kacal. Ka raba ka gani: kowace mashiga tana da mutum sama da 1,400, aikin fiye da awa biyu. Da cunkoso ya tsananta a waje, 'yan sanda suka buɗe babbar ƙofar fita, jama'a suka kwarara ta wani lungu da ya miƙe zuwa sassa biyu na tsakiya waɗanda tuni sun cika, gabansu kuma shingen ƙarfe ne. Mutum 97 suka rasu ta dalilin wannan rana. Shekaru aka yi ana ɗora laifi a kan magoya baya, sai a 2012 wani kwamiti mai zaman kansa ya wanke su, a 2016 kuma binciken kotu ya tabbatar da cewa sakacin hukumomi ne. Muna jaddada wannan domin kada a ɗauka muna cewa ɗan kallo ne mai laifi. A Paris ranar 28 ga Mayu, 2022, ranar wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai, magoya bayan Liverpool da yawa sun isa filin Stade de France sa'o'i kafin wasa, amma yajin aiki a layin jirgin ƙasa ɗaya ya tura dubbai zuwa wani layin, aka matse su a ƙuntatacciyar hanya ƙarƙashin babban titi, aka rufe wasu ƙofofi, aka watsa musu barkonon tsohuwa, har aka jinkirta wasa da minti 36. Kwamitin bincike mai zaman kansa ya ce a 2023 babban alhakin yana wuyan UEFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai. A Yawunde kuwa, ranar 24 ga Janairu, 2022, mutum 8 suka mutu a ƙofar kudu ta filin Olembe kafin wasan Kamaru da Komoros a gasar cin kofin Afirka.

To me ɗan kallo zai iya yi da kansa? Ya san sa'ar buɗe ƙofa, wadda galibi awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu ce kafin wasa, wasan ƙarshe kuma ta fi haka, ya yi nufin kasancewa a kujerarsa awa ɗaya kafin a take. Ya karanta harafi ko lambar ƙofarsa a tikiti, ya duba taswira tun da dare, saboda zagaye babban fili a cikin taro yana cin minti 15 ko fiye. Kuma idan ya hango layin ƙofarsa ya daina zama layi ya koma dunƙule, kada ya shiga. Ya ja gefe ya jira. Minti goma na farkon wasa ba su kai a saka rai a kansu ba.

Alamar haɗari ita ce lokacin da ka ji jikin mutane yana taɓa ka ta kowane ɓangare, ba ka iya ɗaga hannu ka shafi fuskarka, kuma taro yana kai ka inda ba ka yi niyya ba kamar ruwa. Masana cunkoso suna cewa daga mutum 5 zuwa 6 a faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya an shiga haɗari. Yawancin waɗanda ke mutuwa a turereniya ba tattake su aka yi ba, a tsaye numfashi yake ƙare musu, domin an matse ƙirji ya kasa buɗewa. Don haka a ɗaga hannuwa a naɗe su a gaban ƙirji kamar ɗan dambe, a ware ƙafafu, kada a yi ta ihu ana zubar da numfashi. Kada a yi kokawa da igiyar taron. A bi ta, da ta lafa a matsa a kaikaice zuwa gefe, taki ɗaya, taki biyu. A nisanci bango da shinge da ginshiƙi, a nan matsi ya fi ƙarfi. Waya ko takalmi ya faɗi, a bar shi. Wani ya faɗi kusa da kai, ka ɗaga shi nan take, don ramin da ya bari shi ne zai ja na bayansa. Yaro ƙarami a ɗauke shi sama, kuma tun daga masauki a rubuta lambar waya a sa masa a aljihu.

Maganar kaya gajeriya ce. Wembley, babban filin da ke Landan, ba ta barin jakar da ta fi girman takardar A4, filaye da yawa ma haka, kuma ba kowanne ke da wurin ajiya ba. Babbar lema, kwalba, gwangwani da babbar kyamara duk ana tsayar da su a ƙofa. Wasu filayen, kamar na Tottenham da aka buɗe a 2019, ba sa karɓar tsabar kuɗi sai kati. Wasan dare a buɗaɗɗen fili yana da sanyi fiye da yadda ake zato, mutum yana zaune wuri ɗaya awa biyu.

Fita ita ce mutane suka fi mantawa da ita. Wasa minti 90 ne, da hutun rabin lokaci minti 15, da abin da alƙali ya ƙara, ka ce awa biyu. Idan wasan kofi ne da za a iya ƙara minti 30 sannan a je bugun fenareti, ka lissafa kusan awa uku. Baƙin magoya baya kuma a wasannin Turai ana yawan tsare su a ciki rabin awa ko fiye bayan an tashi. Wasan da aka take ƙarfe 9 na dare zai iya sakin ka tsakar dare, a duba jirgin ƙasa na ƙarshe da wannan lissafin, a kuma ƙara masa layin tasha. Mutum 90,000 Wembley take ɗauka, kuma akasarinsu tashar Wembley Park suke nufa, sai 'yan sanda su riƙa sakin su kashi-kashi. A filin Arsenal ana taƙaita amfani da tashar Holloway Road ranar wasa duk da kusancinta, don ba za ta iya ɗaukar taron ba, sai a taka zuwa Finsbury Park ko Highbury and Islington. Dabarar a ko'ina ɗaya ce: ko ka zauna a kujerarka minti 20 har fili ya rage, ko ka yi tafiyar ƙafa zuwa tashar gaba. Motar haya ba ta iya shigowa, domin ana rufe titunan kewaye. A tsayar da wurin haɗuwa nesa da ƙofa tun kafin a shiga.

Da zarar ka zauna, ka nemi hanyar fita guda biyu da idonka, ba wadda ka shigo ta ita kaɗai ba. A Akara ranar 9 ga Mayu, 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, an harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, suka ruga zuwa ƙofofin da suke a rufe, mutum 126 suka mutu. A filin Kanjuruhan na Indunisiya ranar 1 ga Oktoba, 2022, hayaƙin ne dai da ƙuntatattun ƙofofi, mutum 135. Idan rikici ya fara a wani ɓangare kuma hanya a buɗe take, ka fita tun kafin kowa ya tashi. Idan kuwa matakala ta riga ta cushe, kada ka sauka cikinta. Ka rufe hanci da baki da jiƙaƙƙen ƙyalle, ka matsa inda iska take tahowa, ka jira.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, shi ne duk lokacin da wani babban wasa ya ƙarato, wakilanku na wasanni su riƙa haɗa mana da sa'ar buɗe ƙofofi, da inda ake sayar da tikiti na halal, da girman jakar da aka yarda da ita, da tashoshin da za a rufe, a gefen jerin 'yan wasan da za su fara.

Wassalam.