Barka da Sallah daga Sharm el-Shek

Sharm el-Shek, Masar
Talata, 10 ga Zulhajji 1442 (20 ga Yuli 2021)

Assalamu alaikum Yaya,

Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi layya, ya maimaita mana. A durƙusa a gaishe mini da Hajiya, a gaida Anti da yara, da duk wanda ya shigo yanka. Nan an yi Idi a manyan masallatan Juma'a kawai, ba a fita fili ba, kowa da dardumarsa da takunkumi. Hajji ma bana mutum 60,000 aka bari, duk mazauna Saudiyya, don haka na gane abin da ya sa ka ce kuɗin kujerar Hajiya a taɓa kaɗan a kawo ta ta sha iskar teku da jikokinta. Ga yadda abin yake.

Tafiyar nan gwajin korona ne ke riƙe da ita, ba kuɗin otal ba. Masar na neman takardar gwajin korona na PCR da aka yi cikin awa 72 kafin tashin jirgi, kuma daga lokacin da aka zura tsinken a hanci ake fara ƙirga, ba daga lokacin da sakamako ya fito ba. Nan mutane ke faɗuwa. A yi gwaji Litinin da safe, jirgi Alhamis da dare, an riga an zarce, kuma ba magiyar da za ta yi aiki a kanta. Ku yi shi kwana 2 kafin tafiya. A buga takardar a kan takarda, da Turanci ko Larabci, da hatimin wurin gwajin, suna kuma ya zo harafi da harafi kamar yadda yake a fasfo. In fasfo ya ce Muhammad, takarda ta ce Mohammed, a koma a gyara tun a gida. Yara 'yan ƙasa da shekara 6 ba a neman nasu. Za ka ji ana cewa ana gwaji a filin jirgin Sharm kan dala 30. Gaskiya ne, amma na waɗanda jirginsu ya sauka nan kai tsaye ne daga waje. Ku ta Alƙahira za ku shigo, sannan ku hau na cikin gida, tafiyar kamar awa ɗaya, saboda haka wannan sassaucin bai shafe ku ba. Biza kuwa tun daga Najeriya ake samo ta, a haɗo da katin rigakafin shawara na kowa.

Otal ɗin nan gari guda ne: ɗakuna ɗaruruwa, wuraren ninƙaya, gidajen abinci, da bakin teku nasa. Gwamnati ba ta yarda a cika shi ba. An fara da kashi 25 cikin 100 a Mayun bara, aka koma 50, a watan nan aka ɗaga zuwa 70. A ƙofa za a auna zafin jikin kowa, a fesa wa jakunkuna magani, a ɗaura muku zobe na roba a wuyan hannu. Shi ne shaidar an biya ci da sha, a gaya wa yara kada su tsinke shi. Ka roƙi ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, a ƙasa, kusa da gidan abinci. Wasu ɗakunan sai an yi tafiyar minti 10 a rana kafin a kai ga abinci, gwiwar Hajiya ba za ta ɗauka ba, lif kuma rabin mutanensa yake ɗauka yanzu.

Abinci ba a barin baƙo ya taɓa cokalin zubawa, ma'aikaci ne ke tsaye bayan gilashi, ka nuna ya zuba. Hakan ya sa layi ke tsawo, to ku je da an buɗe ko dab da rufewa. Naman halal ne, amma ana sayar da giya a wurin, kuma shigar Turawa a bakin ruwa sai an kau da kai. Gara ka shirya Hajiya tun yanzu. In tana son natsuwa, Masallacin Sahaba na Tsohuwar Kasuwa ba nisa a tasi.

Zafin Yuli da Agusta na kusantar digiri 40. Yaro ya wuni a ruwa bai sha ruwa ba, da yamma sai zazzaɓi da ciwon kai, hankalin kowa ya tashi a ɗauka korona ce. Daga 11 na safe zuwa La'asar a zauna a inuwa. Ruwan famfo na teku ne da aka tace, na wanka ne, a sha na gora. In gudawa ta kama yaro, lita ɗaya ta ruwan gora, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A sayo musu takalman roba na shiga ruwa, murjani na yanka ƙafa. Kuma ko da wasa kada kowa ya saka tramadol a jaka, nan ɗauri ake yi a kansa.

Komawa ta fi zuwa wuya. Najeriya ma na neman PCR na awa 72, sai a cike bayanai a shafin intanet na matafiya na gwamnati, a biya kuɗin gwajin kwana na 7, a kuma killace kai mako guda a gida. In mutum ɗaya ya fito da cutar a nan, jirgi ba zai ɗauke shi ba. Kowane otal ya ware ɗakunan killacewa kuma akwai likita, sai dai wani babba dole ya zauna da mara lafiya. Don haka ka sayi tikitin da ake canza wa rana, ka ɗauki inshorar da ta rubuta korona ƙarara, ka ware kuɗin ƙarin mako 2 da ba za a taɓa ba, maganin hawan jinin Hajiya ma a ƙaro na mako 2. Tunda an tabbatar nau'in korona na Delta ya shiga Najeriya a farkon watan nan, ni a ganina kada a sa rana sai Hajiya ta karɓi allurar rigakafin korona ta biyu ta kwana 14. A zo da katin.

A ajiye mini soyayyen nama a cikin mai, in kun tashi zuwa a taho da shi tare da yaji.

Naka,
Ƙaninka