Kira ga likitoci masu neman ƙwarewa kan fannin cututtukan cikin jiki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da ƙannena likitoci masu neman ƙwarewa, musamman waɗanda suka kai matakin zaɓen fannin da za su dawwama a ciki. Da yawansu suna ɗaukar fannin cututtukan cikin jiki na manya a matsayin zangon da ake yadawa kafin a wuce fannin zuciya, ko na ƙoda, ko na ciki da hanta, kuma duk wanda ya tsaya a nan sai a riƙa yi masa kallon wanda ya rasa gurbi a gaba. A ganina wannan kallo kuskure ne, kuma majinyata ne ke ɗanɗana kuɗarsa.

Marasa lafiyar da ke cika gadajen asibiti a yau ba safai suke zuwa da cuta ɗaya ba. Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2012, wanda ya duba bayanan mutum kimanin miliyan 1.75 a Sukotland, ya gano cewa mafi yawan waɗanda suka kai shekara 65 suna fama da cututtuka masu daɗewa biyu ko fiye.

A ɗauki dattijuwa mai ciwon suga da hawan jini, wadda ƙodarta ta fara rauni, ga kuma ciwon gwiwa. An ba ta amlodipine saboda hawan jinin, ƙafafunta suka kumbura kamar yadda maganin kan jawo, sai wani likita ya ga kumburin ya ƙara mata maganin da ke sa yawan fitsari. Ita kuma tana shan diclofenac saboda gwiwar, alhali yana ɗaga jini, yana kuma cutar da ƙoda. Da ƙodar ta ƙara lalacewa, metformin, maganin sugan da take sha tun tuni, ya zama abin tsoro. Kowane likita ya duba ɓangarensa tsakani da Allah, amma babu wanda ya zazzage ledar magungunan nan a kan tebur, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wanda ya rubuta kowanne, da lokacin da aka fara shi, da abin da ya biyo baya. Wannan aikin likitan cututtukan cikin jiki ne, kuma sau da yawa sauƙin majinyaci yana zuwa ne bayan an soke magani biyu ko uku. Haka nan zazzaɓin da ya wuce mako uku ba a gano tushensa ba, wanda zai iya zama tarin fuka, ko sankarar jini, ko garkuwar jiki da ta juya wa mai ita, babu wanda zai warware shi sai mai tunani a kan jiki gaba ɗaya.

Gaskiya ɗaya ce, fannin yana da nauyi. A ƙasashe da dama masu sa bututu a jijiyar zuciya ko leƙa ciki da na'ura sun fi samun kuɗi, kiran dare yana da yawa, karatu ba ya ƙarewa, kuma dole likita ya saba da yanke shawara kafin sakamakon gwaji ya kammala fitowa. Wanda ba ya jure zama da kokwanto, gara ya nemi wani fanni. Duk da haka, a 2010 Kanada ta amince da fannin cututtukan cikin jiki a matsayin fannin ƙwarewa mai cin gashin kansa, inda ake ƙara shekara biyu a kan ukun farko na horo.

Ina kira ga manyan likitoci masu koyarwa da su daina tambayar haziƙin ɗalibi wane fanni zai wuce, kamar dai tsayawa a nan gazawa ce, su kuma bar masu neman ƙwarewa su bi majinyacinsu tun daga ranar kwantar da shi har zuwa dawowarsa ganin likita bayan sallama, kafin su yanke shawara.

Wassalam,
Wani likita mai karanta jaridarku