Layin da ba a ɗaukar hotonsa a wurin aikin ido

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni tela ne a Garwa, arewacin Kamaru, shekarata ashirin da biyar a kan keke, kuma a waya nake karanta jaridarku, galibi idan an ɗauke wuta aiki ya tsaya. Na sha ganin hotunan da kuke sakawa duk lokacin da aka yi aikin ido kyauta a wani gari: tsofaffi jere a kan benci, kowa da auduga da filasta a ido ɗaya, washegari an cire, wata tsohuwa tana hawaye ta ga jikanta. Allah Ya saka wa masu wannan aiki. Amma a duk irin wannan taro akwai wani layi da mai hoto ba ya zuwa wurinsa. Su ne waɗanda likita zai haska wa fitila a ido, ya yi jim, sannan ya ce a mayar da su gida, nasu ba yana ba ce. Mahaifina a wannan layi ya faɗa, layin masu cutar da ake kira hawan jinin ido, kuma saboda shi na rubuto.

Malam, haka muke kiransa har mu 'ya'yansa, marubucin Alƙur'ani ne. Sau huɗu ya rubuta shi cikakke da hannunsa, da alƙalamin gamba da tawadar da yake haɗawa da kansa, baƙaƙe da baƙi, wasulla da ja, hamza da rawaya. Mutumin da ke ɗiga ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba a inda ya dace, wa zai ce idonsa na da matsala?

Abin ya fara ne da buta. Zai miƙe daga kan buzu ya yi ƙwallo da butar da ke gefensa, ya ce wane yaro ne ya ajiye ta a hanya, alhali shi ya ajiye ta. Sai kafaɗarsa ta fara dukan bakin ƙofar zaure. Wata rana wani maƙwabcinmu ya same ni a shago, ransa a ɓace, ya ce Malam ya fara girman kai: a wurin ɗaurin aure ya miƙo masa hannu daga gefe, ya bar shi da hannu a sama a gaban jama'a. Na ba shi haƙuri, na ce hankalinsa yana kan karatu. Ni ma haka na ɗauka. A lokacin nan fa yana rubutu, yana karanta ƙananan rubutun da ke gefen littafi, wanda ni sai na matso.

Da ya fara cewa yana ganin gari kamar an yi hazo, muka kai shi wurin mai tabarau a kasuwa, ya yi ta gwadawa har ya sami wanda ya yi masa. Bayan nan wani mai sayar da magani ya buɗe idon da yatsa biyu ya ce yana ce, amma ba ta nuna ba, kuma likita ba ya taɓa yana sai ta nuna. Ya ba mu wata 'yar kwalba ta ɗigawa saboda jan da idon ke yi da hunturu. Tana aiki kuwa, jan yakan washe cikin kwana biyu, shi ya sa muka riƙa saye duk wata.

Shekara uku muna jiran yana ta nuna, kamar masu jiran mangwaro. Duk Juma'a bayan an sauko nakan kunna fitilar wayata in haska masa ido, in ga ko farin ya fito. Ƙwayar tana nan baƙa wuluk, tsaf da ita. Sai in ce masa, "Malam, da saura." Har daɗi nake ji. Ashe wannan baƙin da nake murna da shi, shi ya kamata ya tayar min da hankali: mutum yana rasa gani, ƙwayar idonsa kuma babu fari ko ɗis, ai ba lallai ne yana ce ke cinsa ba.

Ranar da aka yi shelar aikin ido kyauta, muka fita bayan asuba mu uku, da Gwaggo ƙanwarsa. Ita tata yanar ba ta ɓuya, idon dama ya yi fari kamar an ɗiga masa nono. Na hagu kuwa tun tuni ya mutu, domin shekarun baya wani mai yawo gari-gari da tsinke ya soka shi ya tura yanar ciki. Ta ga haske na kwana kaɗan, aka yi ta barka, aka ba shi akuya, kafin sati biyu ido ya kumbura, shi kuma ya riga ya bar gari. Wannan karon likita ya cire yanar ya sa mata ɗan gilashin roba a madadinta, aikin bai kai rabin awa ba. Washegari da aka cire filasta, abin da ta fara faɗa shi ne zanin matata ya koɗe, kuma wa ya bar ni na yi furfura haka.

Malam kuwa aka ɗiga masa magani, aka taɓa ƙwayar idon da wani ɗan ƙarfe na awon matsin ido. Likitan ya rubuta 46 a dama, 38 a hagu. Ya leƙa can ciki da fitila ya daɗe. Ya juya ya yi wa nas magana da Faransanci, na tsinci kalma ɗaya, gilokom, ita kuma ta mayar mana da Fillanci. Na dama ya tafi. Na hagu saura 'yar taga a tsakiya, ita za a yi ƙoƙarin tsarewa. Na ce to yaushe za a yi aikin? Ta dube ni ta ce, "Baaba, wannan ba a cire shi."

Ga yadda ta bayyana min, kuma na roƙe ku ku buga shi yadda yake, domin da na ji shi shekara uku kafin wannan rana, da labarin ya canza. A cikin ido akwai wani ruwa garau da ido ke yi wa kansa dare da rana, ba hawaye ba, yana kuma tsiyayewa ta wasu 'yan ƙofofi a gefen baƙin ido. Kamar randa ce da famfo ke zuba a ciki, da rariya a ƙasa. Idan rariyar ta fara toshewa, famfo bai tsaya ba, sai ruwan ya matse idon daga ciki. Awon mai lafiya yawanci tsakanin 10 ne da 21. Matsin nan yana danne jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa, wadda zarurrukanta sun haura miliyan ɗaya, kuma duk zaren da ya mutu ya mutu ke nan, babu allura, babu aiki, babu tabarau da zai tashe shi. Na gefe ne ke fara mutuwa, na tsakiya su ne na ƙarshe. Ga amsar buta, ga amsar hannun maƙwabcinmu. Kuma irin wanda ya fi yawa a cikinmu ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, ido ɗaya yana rufa wa ɗaya asiri har sai abu ya yi nisa. Yanar ido ita ce ta fi makantar da mutane a duniya, amma ana warkewa. Gilokom kuwa shi ne kan gaba a makantar da ba a dawowa daga ita, kuma ya fi kama baƙar fata, da wuri, da ƙarfi.

Da na nuna wa likitan kwalbar da muke saye, ya karanta jikinta ya nuna min kalmar dexamethasone. Ya ce irin wannan magani, idan aka daɗe ana ɗigawa ba da sanin likita ba, yana ɗaga matsin ido ga wasu mutane, yana kuma iya kawo yanar kanta. Ita ce fa kwalbar da ake miƙa wa kowa a kan tebur lokacin afolo, har yara. Afolon da tun ɓullarsa a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata, yawanci da kansa yake wucewa cikin sati ɗaya ko biyu, in dai ba a zuba masa ruwan albasa ko ruwan batir ba.

Ina da ƙorafi a kan sunan da ake kiran cutar. Ku a Najeriya kuna rubuta hawan jinin ido, mu nan muna cewa tansiyon ido. Sunan yana ruɗa mutane. Da na gaya wa Kawu ya je a duba shi, cewa ya yi ai shekaranjiya aka ɗaura masa abin awo a dantse, tansiyonsa lafiya lau. Don Allah duk lokacin da za ku rubuta wannan suna, ku ƙara layi ɗaya: ba a dantse ake auna shi ba, a ido ake aunawa, kuma sai an leƙa jijiyar, domin akwai wanda awonsa bai hau ba amma jijiyar tana lalacewa. Mai tabarau na kasuwa ba shi da abin yin wannan.

Kafin mu fito likitan ya tambaye ni mu nawa ne wurin Malam. Na ce tara. Ya ce cutar tana bin jini, duk wanda ya kai arba'in ya zo, ni ma in zauna tunda ga ni. Na yi dariya. Ni da nake zura zare a allurar keke ba tare da na tsaya ba? Ya auna, 27 a hagu, jijiyar ta fara nuna alama. Yau shekara biyu ina ɗiga timolol safe da yamma.

Ba zan ɓoye muku ba, riƙon maganin nan ya fi jin labarin cutar wuya. Ba ya ƙara maka gani ko kaɗan, abin da ya rage kawai yake tsarewa, don haka mutum zai yi wata uku bai ga canji ba ya ce kuɗinsa ake ci, ya daina. Kwalba kuma ba ta san kasuwa ta yi sanyi ba. Bayan sallah, lokacin da tela ke kwana biyu bai ga ƙyalle ba, ita sai an saya. Akwai wani maganin da ake ɗigawa sau ɗaya da dare, amma ya fi tsada, kuma ana son a ajiye shi a firij kafin a buɗe, a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, wuta kuma sai ta ga dama. Timolol ɗin ma ba na kowa ba ne, sai da aka tambaye ni ko ina da asma ko ciwon zuciya kafin a rubuta min, don haka kada wani ya karanta sunan a nan ya je ya saya. Da azumi ya zo na shiga damuwa, domin wani lokaci nakan ji ɗacinsa a maƙogwaro, malamai kuma sun yi saɓani a kan wannan. Nas ce ta raba gardama: in ɗiga da sahur, in ɗiga bayan shan ruwa, sannan in rufe ido in danne lungun da ke kusa da hanci da yatsa na minti biyu, maganin ba zai gangara ba. Wanda kwalba ta gagare shi, akwai aikin da ake yi a buɗe wa ruwan sabuwar hanya, shi ma ba don gani ya dawo ba, don kada ya ƙarasa tafiya.

Mun ga abin da ake iya yi idan an sa kai. Tun 1987 kamfanin Merck ke ba da Mectizan kyauta saboda makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa, kuma duk wanda ya san ƙauyukan Mayo-Rey da wajen Tuboro ya san sandar nan mai launi da ake auna tsawon mutum da ita kafin a ba shi ƙwaya. A farkon 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da wannan cuta, ita ce ta farko a Afirka. Amosanin ido ma an bi shi gida-gida da magani a yankin Marwa. Waɗannan ƙwaya ce sau ɗaya a shekara. Tamu ba ta da ƙwaya, sai dai a kama ta da wuri. Shi ya sa nake roƙon masu shirya aikin ido kyauta, a nan da Cadi da wajenku, abu guda: duk tsohon da aka kawo, wani ne ya riƙo masa sanda, kuma yawanci ɗansa ne ko 'yarsa da suka haura arba'in. Suna zaune a gindin bishiya tun safe har la'asar ba abin da suke yi. A ajiye tebur ɗaya a auna su. Ku kuma, a cikin Maris ake makon wannan cuta a duniya. Ku ba ta shafi ko da rabin wanda kuke ba hotunan masu filasta.

Malam yanzu yana zaure, almajirai suna biya masa yana gyara musu da ka. Alƙur'ani na biyar ya tsaya a Suratu Maryam, takardun suna cikin gafaka, ba ya bari a taɓa. Idan na tayar da maganar yakan ce, "Wanda Ya ba da ido Shi Ya karɓi abinSa." Ban musa ba. Sai dai ni na riƙe fitilar nan shekara uku.

Cikin mu tara, biyar mun je an auna mu, biyu muna da ita. Babban yayanmu ya ƙi. Direban tirela ne, yana ɗaukar kaya tsakanin Ngaundere da Kusseri, rabin tafiyarsa da dare. Ya ce yana hango rami tun daga nesa, me za a gaya masa. Watan jiya ya goge madubin gefe a jikin katangar gareji, ya ce yaron mota ne bai yi masa magana ba. Ba ya jin maganar ƙane, amma abin da aka buga a jarida yana da girma a wurinsa. Idan kun buga wannan, ranar da ya sauka zan kai masa wayar har gida in ce, "Yaya, karanta."

Naku,
Wani tela daga Garwa, Jamhuriyar Kamaru