A taya ni cigiyar tarihin kakanmu na yaƙin Bama

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni fili. Kakana yana cikin sojojin da Turawan Ingila suka kwasa zuwa Bama (ƙasar Burma, wato Myanmar ta yanzu) lokacin yaƙin duniya na biyu, ya dawo bayan 1945 da lambobin yabo a gwangwani, har ya rasu bai cika son maganar ba sai dai in ruwa ya tsuge ya ce haka dajin Arakan na can Bama yake. Wallahi kullum na wuce barikin Kalapanzin ko Dalet nan Kaduna sai gabana ya faɗi, ashe sunayen wuraren da suka yi gumurzu ne! Yanzu lambarsa ta soja nake bi, gobe zan je gidan adana takardun tarihi na ƙasa. Masu tsofaffin hotunan runduna ta 81 ko 82, wato rundunonin sojojin Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Bama, ku taimaka mana.

Jikan tsohon soja,
Tudun Wada, Kaduna