Ɗaliban Kemistiri da ɗakin gwajin da ke kulle

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan yadda ake koyar da Kemistiri a manyan azuzuwan sakandare, musamman a nan jihar Gombe, inda na daɗe ina riƙe da alli kafin in yi ritaya.

Takardun Kemistiri a jarrabawar WAEC uku ne: ta zaɓen amsa, ta rubutu, da ta gwaji a aikace. A ta ukun ne ake miƙa wa ɗalibi buret da fifet, wato dogayen bututun gilashi na auna ruwa, a ce ya riƙa ɗiga asid a hankali cikin sinadarin da ke kwalba har launi ya juya, ya karanta awo, sannan ya yi lissafi da shi. Aiki ne na hannu da ido, sai da sabo ake iya shi. Amma a makarantu da dama yaro yakan gama aji ɗaya da aji biyu bai taɓa riƙe buret ba, sai jarrabawa ta ƙarato a buɗe ɗakin gwaji, a kakkaɓe ƙura, a sayo sinadarai a gurguje. Na taɓa ganin yarinya mai ƙwazo, wadda ta haddace jadawalin sinadarai tun daga haidirojin har kalsiyam, hannunta yana rawa a ranar jarrabawa har asid ya zarce mata sau biyu. Ga shi kuwa duk mai son karatun likitanci ko harhaɗa magunguna dole ne ya samu kiredit a Kemistiri, kuma ya zauna masa a JAMB.

Na san za a ce babu kuɗi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai mu malamai ma muna da namu laifin, domin wasu gwaje-gwajen kayansu suna madafin gidajenmu. Ruwan zoɓo kaɗai ya isa a nuna wa yara bambancin asid da kishiyarsa: a matsa masa lemon tsami ya ƙara yin ja, a jefa masa kanwa ya rikiɗe ya yi duhu-duhu mai ratsin kore. In aka zuba ruwan tsamiya a kan kanwa za a ga kumfa yana tashi, iskar kabon dayoksaid ce take fita, wadda yara suke rubuta sunanta a littafi ba tare da sun taɓa ganin fitarta ba. Ɗan manomi kuma zai fi gane lissafin kaso idan aka kawo masa buhun takin yuriya, ya ga 46 da aka rubuta a jiki, aka gaya masa cewa kason naitirojin ke nan cikin ɗari.

Haka nan ga kamfanin siminti na Ashaka a ƙaramar hukumar Funakaye, inda ake gasa farar ƙasa a zafin da ya kai wajen digiri 1,450 a ma'aunin Salsiyas. Ziyarar yini guda za ta buɗe wa ɗalibai ido ƙwarai.

Roƙona ga Ma'aikatar Ilimi shi ne ta riƙa raba sinadarai a farkon kowane zango, ta ɗauki ma'aikatan kula da ɗakin gwaji, ta kuma wajabta darasin gwaji sau ɗaya a mako tun daga aji ɗaya na babbar sakandare.

Wassalam.

Daga wani tsohon malamin kimiyya,
Bajoga, jihar Gombe