Rajistar ƙarin jini da ake barin gara na ci

Edita, Assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a wani asibitin gwamnati a nan arewa, kullum ana kiran mutane su zo su ba da jini musamman ranar 14 ga watan Yuni, wato ranar masu ba da jini ta duniya, kuma wannan kira daidai ne, amma ba a cika maganar bincike a kan shi kansa ƙarin jinin ba, wa aka ƙara wa, leda nawa, ya tashi ko bai tashi ba.

A wajenmu duk wannan a babban littafi ake rubutawa da biro, in ya cika a jefa shi sito, wallahi da idona na ga littattafan shekaru da dama gara ta cinye rabinsu. To ɗalibin da zai yi bincike daga ina zai fara? Ga matsalar wuta. Jini yana son sanyin firij tsakanin digiri 2 zuwa 6, a haka leda ke kai kwana 35, amma in an ɗauke wuta kuma babu man janareta babu mai iya rantsuwa a kan lafiyar ledar nan, balle a gina bincike a kanta. Sannan yawancin jinin da muke samu daga dangin mara lafiya ne, ko masu sayar da nasu a bakin get waɗanda yau wannan suna za su ba ka gobe wani, ba ka da yadda za ka bi sawunsu. Muna gwada ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, amma maleriya fa? A Kumasi ta Ghana an yi bincike a asibitin Komfo Anokye, aka fitar da shi a 2016, ya nuna ana ɗaukar maleriya ta ƙarin jini kuma akwai hanyar tsaftace jinin da ke rage hakan sosai.

Abin da ya sa na dage shi ne na san in an yi binciken a ƙasarmu yana amfani. Yaro mai sikila da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, a Amurka ƙarin jini ake masa kusan duk wata, mu kuwa ina muka ga wannan jinin, ina iyaye suka ga kuɗin? Sai likitocin asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, tare da abokan aikinsu na jami'ar Vanderbilt, suka gwada ƙwayar hydroxyurea a kan yaranmu, aka ga tana kare su. Haka binciken E-MOTIVE na 2023 wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa, wata 'yar leda mai awo ake shimfiɗa wa mai haihuwa a gane yawan jinin da ta zubar da wuri a haɗa mata magunguna lokaci guda, zubar jini mai tsanani ta ragu da kashi 60 cikin 100. Duk macen da aka tare wa jini da wuri, leda ce ta rage wa wani a firij.

Sai dai kuɗin irin waɗannan ayyuka daga waje yake zuwa, in tallafi ya ƙare ma'aikatan da aka horar su watse, wannan yana ba ni takaici matuƙa.

Tun 2021 aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kula da jini ta ƙasa. Roƙona gare ta da kwamishinonin lafiya na jihohinmu, a sa wa kowane bankin jini sola da kwamfuta ko guda ɗaya, a fitar da fom iri ɗaya da kowane asibiti zai riƙa cikewa har da abin da ya samu mara lafiya bayan an ƙara masa, kuma a riƙa sa mu ma'aikatan gwaji da nas-nas cikin binciken tun daga farko, don mu ne a wajen da ƙarfe biyun dare lokacin da ake neman leda.

Naku,
Wani ma'aikacin ɗakin gwajin jini